Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Ilimi: Kafin A Sayo Mana Mutum-mutumi

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka.

Ni tsohon malami ne. Na yi sama da shekara 20 ina koyar da aikin ƙarfe da injina a wata kwalejin fasaha a nan Arewa kafin na ajiye alli. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ake ta yi ta sanya darasin mutum-mutumi, wato robot, a makarantun sakandare. Na yi murna, ranka ya daɗe, amma da ɗar-ɗar a zuciyata, don na san inda irin wannan magana take ƙarewa a wurinmu. A ba da kwangila, a shigo da wani farin mutum-mutumi mai ɗaga hannu yana gaisuwa, a tara 'yan jarida, a ɗauki hoto, sannan a kulle shi a sito har batirinsa ya kumbura.

Ka yi mini haƙuri in ɗan koma baya.

A shekarar 1206, a garin Diyarbakir da ke Turkiyya ta yau, injiniyan fada Isma'ila al-Jazari ya kammala littafinsa mai bayanin na'urori 50. Akwai guda da nake son kwatanta wa ɗalibai, ta wanke hannu. Ruwa na zubowa daga bakin ɗawisu, sarki na wanke hannu, ruwan da ya yi amfani da shi na taruwa a wani ɓoyayyen kasko. Yana taruwa yana ɗaga wani abu mai yawo a samansa, sai ƙofa ta buɗe, ɗan mutum-mutumi ya fito da sabulu. Ruwan ya ƙara hawa, wata ƙofar ta buɗe, na biyu ya fito da tawul. Babu lantarki ko kaɗan, nauyin ruwa ne da lissafi. Nakan ba da labarin nan ina fiffika, kamar kakana ne. Sai dai in za a faɗi gaskiya, yawancin kayan nan a fada suka tsaya, sarki ya burge baƙinsa. Ba su haifi masana'anta ba.

Kalmar robot kanta sai a 1920 ta bayyana, a wasan kwaikwayon Karel Capek, marubuci ɗan ƙasar Cek. Daga "robota" aka samo ta, wato aikin tilas, irin abin da kakanninmu suka sani da ɗiban gwamna. Ashe tun daga suna, ɗan aikin wahala ake nufi.

Haka kuwa ya fara. Mutum-mutumin farko da ya kama aiki a masana'anta shi ne Unimate, wanda George Devol ya ƙirƙira, Joseph Engelberger ya yi ta tallarsa. A 1961 aka girke shi a wata masana'antar General Motors a jihar New Jersey ta Amurka. Ba shi da fuska, ba shi da ƙafa. Hannu ne guda na ƙarfe, nauyinsa ya haura tan ɗaya, matsin mai ke motsa shi. Aikinsa ya ciro ƙarfe mai zafi daga injin zubi ya jera, aikin da hayaƙinsa da ƙunarsa suka addabi ma'aikata.

To a nan ne nake son ka tsaya, ranka ya daɗe. Amurka ce ta ƙera, amma Japan ce ta fara cin moriyar abin sosai. Kamfanin Kawasaki na Japan ya karɓi lasisin ƙera Unimate a 1968, ya fitar da nasa a 1969, kafin a ankara, a shekarun 1980 Japan ta sha gaban kowa a yawan mutum-mutumin masana'anta. Ba su ji kunyar kwaikwayo ba. Abin da suke da shi kuwa hannaye ne. Tun 1962 suka buɗe kwalejojin fasaha da suke kira kosen, inda yaro ke shiga yana ɗan shekara 15, ya yi shekara 5 tsakanin aji da ɗakin injina. Daga 1988 gidan talabijin na NHK ya fara haɗa wa waɗannan yara gasar ƙera mutum-mutumi, ana nunawa ƙasa na kallo. Idan inji ya tsaya a masana'anta, akwai wanda zai kwance shi, ya gane ciwonsa, ya mayar, wani lokaci ma ya gyara kuskuren mai ƙirar. Koriya ta Kudu ta bi sahu, yau tana da sama da mutum-mutumi 1,000 a kan kowane ma'aikacin masana'anta 10,000. Sin kuma ita ke girke fiye da rabin sababbin da ake girkewa a duniya duk shekara.

Yanzu bari in kai ka ɗakin aikina. Muna da injin sassaƙa ƙarfe guda, tsoho amma lafiyayye. Wata rana boris ɗinsa ya ci, bel ya tsinke. Kuɗin gyaran bai kai na ragon suna ba. Na rubuta takarda, shugaban makaranta ya sa hannu, ta tafi sama. Na sake rubutawa. Har na yi ritaya injin na lulluɓe da tamfol, zanzaro ya yi gini a cikin akwatin giyarsa. Aji bayan aji na koya musu injin a kan allo, ina zana shi da alli, alhali ga shi nan a bayansu.

A cikin waɗannan yara akwai wani shiru-shiru da ya zo mini da motar haƙa ƙasa da ya haɗa da kwali, da sirinji, da robar ƙarin ruwa. Ya danna sirinji ɗaya hannun ya ɗaga, ya danna wani cokalin ya ɗebi yashi. Na tsaya ina kallo, jikina ya yi sanyi, don dabarar da ke motsa Unimate ke nan, shi da ruwa, su da mai. Ba wanda ya koya masa. Rabona da shi, na gan shi yana jan A Daidaita Sahu. Sana'a ce ta halak, Allah Ya sa albarka, amma na san abin da muka yi asara.

Shi ya sa nake roƙo, kafin a sayo sabo, a tayar da matattun injinan da ke kwalejojinmu, a kuma ware kuɗin gyara da zai riƙa zuwa hannun makaranta kai tsaye, a bi sawunsa. A sa sola a ɗakunan aiki, don injin da babu wuta gunki ne. Kuɗin mutum-mutumi guda na nuni zai sayi ɗaruruwan ƙananan allunan Arduino, wato 'yan allunan kwamfuta masu sarrafa na'ura, da 'yan ƙananan injinan lantarki masu juyawa da wayoyi, kowane yaro ya riƙe nasa, ya ƙona shi, ya gane dalili. Malamin da ke tsoron a lalata kaya ba zai yaye injiniya ba.

Sannan a daina raina masu baƙin mai a riga. A Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano akwai mutanen da za su kalli inji sau ɗaya su ƙera maka irinsa, haka masu gyaran waya na Farm Centre. A kawo su aji, a biya su kamar malamai, a ba yaransu takardar shaida.

Wasu za su ce ina mu ina mutum-mutumi ga matasa ba aikin yi. Ni dai na ga ya riga ya iso. Jirage marasa matuƙa na kamfanin Zipline sun fara kai magunguna asibitocin karkara a jihar Kaduna tun 2022. Manomin tumatir a Kadawa ba zai ƙi injin ban-ruwa mai kunna kansa in ƙasa ta bushe ba. Abin da ya rage mana mu zaɓa shi ne wa zai girke, wa zai gyara, ɗanmu ko wanda za a ɗauko da dala a sauke shi a otal.

In hali ya yi, ranka ya daɗe, ka ratse wata kwalejin fasaha ba tare da sanarwa ba, ka wuce ofishin shugaba, ka shiga ɗakin injina ka ce a kunna maka su ɗaya bayan ɗaya.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin aikin ƙarfe, daga Kano