Zuwa ga Abba, kan aikin nan na Kanada

Abba,

Da fatan kana lafiya, ya sanyi. Ƙanwarka ce ta min bayanin aikin da ka samu, tunda mamanka ka gaya wa, ni ka ɓoye min. Ta ce tashar wuta ce mai ƙona kwal, Boundary Dam, kusa da Estevan, tun 2014 suke tare iskar kabon kafin ta bi hayaƙi ta fice, a matse ta, wata a tura rijiyoyin mai na Weyburn, saura a cusa ta ƙarƙashin ƙasa sama da kilomita 3. To na ji. Ban ce aikin banza ba ne, mu da muke ganin yadda damina ta rikice.

Amma Abba wannan iskar na san ta tun ba a haife ka ba. Watan Agusta 1986 ina Wum can Kamaru wajen sayen shanu tafkin Nyos ya amayo ta cikin dare. Ta kashe mutum sama da 1,700, shanu wajen 3,500. Da muka shiga ƙauyukan kusa da tafkin sai shanu kwance ko'ina cikin ciyawa ba rauni ba jini, wallahi ko ƙuda babu a kansu, shi ma ta kashe shi. Ba launi ba wari, kuma nauyi gare ta, kwari take bi ta kwanta, mai barci a ƙasa shi take fara ɗauka. Mai masaukina da iyalinsa ko ɗaya ban samu ba.

Shi ne za ka ce wa mamanka wai Baba tsoro ne da shi don bai yi boko ba? Haba Abba. Ban yi boko ba amma da hannuna na binne mutane. A 2020 da bututunta ya fashe a Satartia can Amurka, mutum 45 aka kai asibiti, motoci suka mace a hanya don inji ya rasa iska, su ma ba su yi bokon ba ne?

Ban ce ka bari ba, ka san abin da na sayar ka tafi. Na'urar nan da kuke ratayawa mai ƙara in iskar ta yi yawa, kar ka cire ta ko sallah za ka yi. Kar ka sauka rami kai kaɗai. In ta yi ƙara ka nufi tudu, in abokin aikinka ya faɗi kar zuciya ta ɗebe ka ka bi shi ba abin numfashi a fuskarka, don Allah don Annabi.

Ka kira ni ran Juma'a, wayata ba ta mamanka ba. Allah ya tsare min kai, ya yi maka albarka.

Babanka