Rahoton Sakatare na Shekarar 2024 ga 'Yan Uwa Hausawa Mazauna Newark da Kewaye

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawa, Alhaji shugaba, Hajiya shugabar mata, malamanmu, da sauran 'yan uwa maza da mata, ga bayanin abin da ƙungiya ta yi a 2024. Lissafin kuɗi ba ya cikin wannan takarda. Ma'aji zai karanta shi dalla-dalla ranar babban taro, kowa ya zo da tambayarsa.

Zan fara da abin da ya fi taɓa mu. A ƙarshen hunturu, gab da kama azumi, muka rasa dattijuwar nan 'yar Fotugal ta unguwar Ironbound, wadda matanmu suke kira Inna. Ba 'yar ƙungiya ba ce, ba Musulma ba ce, amma duk wanda ya daɗe a garin nan ya san yawancin tsarin da muke taƙama da shi yau daga teburinta ya fito. Iyalanta sun roƙi kada a sa sunanta a rubuce, don ko tana raye ba ta son a yi ta ambatonta, mun kuwa kiyaye.

Saboda sababbin zuwa da ba su riske ta ba: mutuniyar Murtosa ce, wani garin masunta kusa da Aveiro, garin da 'ya'yansa suka cika Newark. Ta iso a ƙarshen shekarun 1960, bayan dokar shige da fice ta 1965 ta buɗe wa mutanen kudancin Turai ƙofar Amurka. A lokacin Fotugal na ƙarƙashin mulkin kama-karya da Salazar ya kafa, ga talauci a ƙauyuka, ga yaƙin da ƙasar ke yi a Angola da Gini Bisau da Mozambik tun daga 1961, wanda ya sa samari da yawa ficewa gudun shiga soja. Mazansu suka kama aikin gini da na tashar jiragen ruwa, matansu suka shiga masana'antu. Ita ɗinki ta yi har ta ajiye aiki. Ta tarar mutanenta sun riga sun kafu a Ironbound: kulob ɗinsu na Sport Club Português yana nan tun 1921, jaridarsu Luso-Americano tun 1928. Sun riga mu ɗanɗana baƙunci da shekaru masu yawa, shi ya sa ba ta taɓa kallon ɗayanmu da mamaki ba.

Waɗanda suka zauna gabanta ba za su manta ba. Kowace Asabar da hantsi tana ɗakin ƙasa na zauren taronsu, tabarau rataye a wuya, ga littafin nan mai baƙin bango ɗaure da roba. Ka zo da wasiƙar da ta hana ka barci, ta karanta a natse, ta rubuta sunanka da ranar da wa'adi zai cika, daren jajibirin ranar kuma wayarka ta yi ƙara. Abin da ya fi ƙarfinta ba ta yin kame-kame a kansa, lauyoyin da ke taimaka wa baƙi kyauta take tura mutum wurinsu. Faɗa kuwa akwai shi. Duk wanda ya ɓoye wasiƙar hukuma wata guda bai buɗe ba don tsoro, ya sha faɗanta kafin ya sha taimakonta. Ba ta taɓa karɓar ko sisi ba, kuma layin nan ba na 'yan Fotugal kaɗai ba ne, har da 'yan Birazil da Ikwado da mu.

Sai zancen tukunya. Miyar ganye da dankali da suke rabawa mabuƙata lokacin sanyi, bisa al'ada da naman alade ake yin ta. Da ta lura mutanenmu suna karɓar burodi kawai su wuce, ba ta tambayi kowa dalili ba. Ta sayi sabuwar tukunya da sabon ludayi, ta ɗaura musu jan zare, ta riƙa aika jikanta mahautar Musulmi. Wata rana wani daga cikin masu taya ta aiki ya tsoma ludayin ɗayar tukunyar a cikin tamu bisa kuskure. A gaban idon matanmu ta sauke miyar duka, ta wanke, ta sake ɗorawa. Tukunyar tana hannun Hajiya shugabar mata yanzu, 'yarta ce ta kawo da kanta.

Mun je ta'aziyya gidansu, ayari guda. An ɗan yi muhawara kafin tafiyar, Malam ya raba gardama da cewa haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya ga Musulmi kaɗai ba. Allah ya ba iyalanta haƙurin rashi. Da ta ƙara 'yan makonni da ta ga cikar shekara 50 da juyin 25 ga Afrilu 1974, wanda ya kawo ƙarshen mulkin da ya raba ta da garinsu. A watan Yuni, lokacin bikin ranar Fotugal da ake rufe titin Ferry dominsa, samarinmu sun taya kulob ɗinsu jera kujeru da raba ruwa, kamar yadda ita ta saba taya mu.

Teburin cike takardu shi ne aikin da rashinta ya fi girgizawa, domin ta rasu ana tsakiyar lokacin haraji, wa'adi kuwa 15 ga Afrilu. Wasu ɗalibanmu suka karɓi aikin, aka ci gaba da zama ranar Asabar. An taimaka wa masu neman lasisin tuƙi, tunda jihar New Jersey ta fara bayar da shi tun Mayun 2021 ba tare da duba takardar zama ba, abin da har yanzu wasu 'yan uwa ba su yarda ba sai sun ga na wani. An kuma tsaya wa wasu 'yan uwa da mai gidan aikinsu yake biyansu ƙasa da dala 15.13 a awa, wato mafi ƙarancin albashin jihar a shekarar 2024, kuma an samu biyan buƙata. Amma gaskiya ɗaya ce, fuskoki ƙalilan ne ke ɗauke da teburin nan, kuma ɗalibai ne masu jarrabawa a gabansu. Dattijuwa ɗaya ta riƙe shi shekara da shekaru, mu da yawanmu muna neman gazawa tun ba a je ko'ina ba.

Asusun jana'iza ya ci gaba da aiki. Nan ma shawararta ce tun farko. Mutanenta sun daɗe da ƙungiyoyin taimakon juna masu ɗaukar nauyin binne mamaci ko kai gawa gida, ita ta nuna mana jerin takardun: shaidar rasuwa, takardar ƙaramin ofishin jakadanci, sannan kamfanin jirgi. Da ta fahimci addininmu yana son a gaggauta binnewa, sai ta ce mu daina jiran sai an yi rasuwa kafin a fara yawo da ƙoƙon bara, mu tanadi filin kaburbura tun da wuri. Bana asusun ya rufa wa iyalan da aka yi wa rasuwa asiri, babu wanda aka yi wa karo-karon gaggawa a WhatsApp. Allah ya jiƙan 'yan uwanmu da suka riga mu. Masu bashin kuɗin wata kuma sun san kansu.

Azumi ya kama 11 ga Maris, an yi buɗa-baki tare kowane ƙarshen mako, mata sun yi ƙoƙari ƙwarai da kunu da ƙosai. Sallah ƙarama 10 ga Afrilu, babba 16 ga Yuni, an yi watanda lafiya.

Makarantar yara ta Lahadi, Alƙur'ani da Hausa, tana tafiya, sai dai ajin Hausa yana ramewa. Marigayiyar ta sha yi mana kukan cewa duk da makarantun koyar da harshensu da suke da su, jikokinta da Turanci suke amsa mata, 'ya'yan unguwar kuma sun watse zuwa Kearny da Elizabeth da sauran garuruwan kewaye. Su da suka kafu haka ke nan. Iyaye, malami ba zai iya gyara a awa biyu abin da ake yi a gida kwana bakwai ba.

Abin da kwamiti ke nema a 2025: ƙarin masu aikin sa-kai a teburin takardu, musamman mata, domin akwai matan da ba sa sakin jiki su faɗi matsalarsu gaban namiji, da mutum ɗaya tsayayye da zai riƙe littafin wa'adi ya riƙa kiran waya. An kuma kawo shawarar mu ɗauki nauyin girkin mabuƙata na wata guda a zaurensu lokacin sanyi, za a kaɗa ƙuri'a a kai. Wa'adin shugabanni ya cika, mai sha'awar tsayawa ya ba kwamitin dattawa sunansa kafin ranar taro. Za a fara bayan sallar Azahar, don Allah a zo a kan lokaci.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya