Mai ɗaukar ma'aikata ba shi da hurumin ganin sakamakon gwajin HIV

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na lafiya na makon jiya ya ɓata mini rai ƙwarai, kuma gara in faɗa muku kai tsaye. Baƙonku ya ce mai kamfani yana da ikon sanin ko wanda zai ɗauka aiki yana ɗauke da ƙwayar cutar HIV, wai don ya kare sauran ma'aikatansa. Mai gabatarwa ya ce "haka ne", ya wuce zuwa tambaya ta gaba. Babu wanda ya taka masa birki.

Ya kare su daga me? HIV ba ta bin gumi, ko yawu, ko musafaha, ko shan ruwa da kofi ɗaya, ko shiga banɗaki ɗaya, ko cizon sauro. Hanyoyinta sanannu ne: jini, saduwa ba kariya, yin tarayya a allura, sai daga uwa zuwa jariri lokacin ciki, haihuwa ko shayarwa. Wacce ce a cikinsu take shiga aikin akawu, ko direba, ko malamin makaranta, ko mai girki? Ga kuma magani, wanda a yau galibi ƙwaya ɗaya ce tak a rana. Wanda ya riƙe shi da kyau, cikin kamar wata shida ƙwayar cutar takan ragu ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini, kuma a wannan matsayi ko matarsa ba zai sa wa ta hanyar saduwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake jaddada hakan a 2023. To in wadda suke kwana ɗaki ɗaya ta tsira, ina ga wanda teburinsa kawai yake kusa da nasa?

Shi kansa gwajin bai isa ya yi aikin da baƙonku ya ɗora masa ba. Gwajin nan na gaggawa da ake tsikarar ɗan yatsa, martanin garkuwar jiki yake nema, kuma yakan kai kwana 90 bayan kamuwa kafin ya nuna. Wanda ya kamu makonni kaɗan da suka wuce yana iya fitowa lafiya lau, a daidai lokacin da ƙwayar ta fi yawa a jininsa. A ɗaya ɓangaren kuma, fitowar layi biyu (alamar akwai ƙwayar) a gwaji ɗaya bai tabbatar da cuta ba. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sai gwaji uku daban-daban sun nuna a jere kafin a ce wa mutum yana ɗauke da ita. Kamfanin da ke tace masu neman aiki ba ya biyan kuɗin gwaji uku. Ɗaya ake yi, a rufe fayil.

Da kun tambaya, da kun ji yadda abin yake gudana. Ana ba mutum takardar tayin aiki, a ce saura "gwajin lafiya". A asibitin da kamfani ya zaɓa, a miƙo masa fom mai layi ɗaya na yarda da "duk gwajin da ya dace", ba a ambaci HIV ba. A ɗebi jini kwalba biyu ko uku. Ba mai zama da shi kafin gwaji, ba mai zama da shi bayansa. Sakamako ya tafi ofishin ɗaukar ma'aikata cikin ambulan, ya bi ta hannun masinja da sakatare. Bayan mako guda a ce masa "ba ka cika sharuɗɗan lafiya ba", ko a daina ɗaga wayarsa gaba ɗaya. Mutane uku ko huɗu sun san abin da ke jikinsa, shi bai sani ba, kuma babu wanda ya haɗa shi da magani. Wannan shi ya fi ci mini rai: an raba shi da abinci, an kuma bar shi da cuta ba labari.

Doka ba ta goyon bayan wannan. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a Shawara mai lamba 200 ta shekarar 2010, ta ce kada a tilasta wa ma'aikaci ko mai neman aiki yin gwajin HIV ko bayyana matsayinsa. Tun a 2000 Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu ta umarci kamfanin jiragen saman ƙasar ya ɗauki wani da ya ƙi ɗauka aikin hidimar fasinjoji saboda HIV. A Najeriya, dokar hana nuna wariya ga masu HIV ta 2014 ta haramta sa gwajin a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki, in ban da togaciya mai tsauri da sai likitoci sun tabbatar da haɗari na zahiri, ta kuma haramta bayyana matsayin mutum ba da rubutacciyar yardarsa ba. Abin da likitan kamfani zai rubuta shi ne ko mutum zai iya aikin ko ba zai iya ba. Sunan cuta ba ya cikin abin da ake aika wa mai kamfani.

Yawancin ƙararrakin nan a rashin hujja suke mutuwa, domin ba kamfanin da zai rubuta ainihin dalilinsa. Shi ya sa ya kamata ku gaya wa masu sauraro: kafin a ɗebi jini, ka nemi jerin gwaje-gwajen a rubuce, ka ɗauki hoton fom ɗin da ka sa wa hannu. Ka ajiye takardar tayin aiki da duk saƙon waya. Ka nemi kwafin sakamakonka daga asibitin, haƙƙinka ne. In an janye aikin, ka nemi dalili a rubuce, ka rubuta ranar da sunan wanda ya faɗa maka. Da waɗannan za ka je hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, ko majalisar da ke ladabtar da likitoci, ko kotun ma'aikata. Kada a yi jinkiri, domin wasu ƙararrakin suna da wa'adi. A kuma roƙi kotu tun farko ta sakaya suna, don tsoron tonon asiri ne ke sa da yawa su haƙura.

Tunda na ɗauki alƙalami, bari in ƙara wannan. Ana gama shirin sai ga tallar mai maganin gargajiya da ke cewa yana warkar da ƙanjamau cikin 'yan makonni. Wanda ya ji ya ajiye ƙwayarsa, cutar za ta dawo cikin makonni kaɗan, kuma mai sha yana fashi yana iya sa ta bijire wa maganin. Ku cire tallar nan.

Ina roƙon ku gyara maganar baƙonku a cikin shirin da aka yi ta, a lokacin da aka saba sa shi, ku kuma gayyato lauya da ma'aikacin asibitin masu HIV su zauna tare su amsa tambayoyi.

Wassalam,
Mai sauraronku a kullum