A gwada ƙwaƙwalwa kafin a yanke hukuncin kisa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun 2002 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Atkins, ta haramta kashe mai raunin ƙwaƙwalwa. Mu kuwa, sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya halatta kisa muddin kotu ta yanke, bai ware waɗannan bayin Allah ba. Kariyar da doka ke ba mai taɓin hankali kuma sai an tabbatar mutum bai san abin da yake yi ba, ko bai san laifi ba ne. To, ina wanda ko canjin ɗari biyar ba ya iya ƙirgawa, a miƙa masa takarda ya dangwala hannu yana murmushi?

Ga asibitin ƙwaƙwalwa nan a Barnawa. Ya kamata majalisar jiha ta wajabta gwaji kafin hukunci.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna