Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye Kan Darasin Ƙungiyar Kimiyya Na Wannan Zango

Assalamu alaikum, iyayenmu da masu riƙon ɗalibai.

Da yawa daga cikinku sun tambaye mu dalilin da ya sa yaran ƙungiyar kimiyya suke tsaga fensir suna zaro baƙin da ke cikinsa. Ba ɓarna ba ce. Da wannan baƙin fensir, da batir, da ruwan gishiri a kofi, suke ganin yadda wutar da ke ratsa ruwa take sauyawa gwargwadon abin da aka narkar a ciki, kuma wannan shi ne tushen darasin da muke yi kan gano sinadarin gado na DNA ta hanyar lantarki.

Masanin ƙasar Cek, Emil Paleček, shi ne ya nuna wajajen 1960 cewa DNA tana ba da alamar lantarki. A yau masu bincike suna ƙera ilektrod, wato abin da ke sada wutar lantarki da ruwa kamar yadda baƙin fensir yake yi, na zinariya ko na kabon masu girman nanomita kaɗan, alhali nanomita biliyan 1 ne ke cika mita guda, faɗin zaren DNA kuwa bai wuce nanomita 2 ba. Akan ɗaura guntun zaren DNA a jikin ilektrod ɗin, idan abokin haɗinsa, wato zaren DNA da ya dace da shi, yana cikin samfurin da aka ɗiga sai su manne, wutar ta sauya, na'ura ta karanta. Amfanin ƙanƙantar shi ne hayaniyar lantarki tana raguwa, har a iya jin alamar da babban ilektrod zai haɗiye.

Abin ya shafe mu kai tsaye, domin cutar sikila, wadda gidaje da dama a cikinmu suka san raɗaɗinta, tana faruwa ne daga sauyin harafi ɗaya tak a DNA, inda sinadarin da ake wa laƙabi da T ya maye gurbin na A, irin sauyin da ake fatan waɗannan na'urori su riƙa ganowa. Sai dai muna jaddada cewa yawancin irin waɗannan na'urori suna ɗakunan bincike tukuna, don haka asibiti ne wurin gwajin jini kafin aure, kuma ba za mu ɗibi jinin kowane yaro ba.

Muna roƙon ku bar yaran su ƙara awa ɗaya kowace Alhamis bayan tashi, tare da malaman kimiyya biyu, kuma a dawo da takardar amincewa da sa hannunku.

Wassalam,
Shugaban Makaranta