Kamun kifi a kogunan Washington haƙƙin ƙabilun asali ne, ba alfarmar gwamnati ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Washington ta Amurka, kuma na karanta wani sharhi a jaridarku da ya ce gwamnati ce ta yi wa ƙabilun asali alfarma suke kama kifin salmon fiye da kowa. Ku ba ni fili in yi gyara, don maganar ta tsaya mini a rai.

A 1854 da 1855 Gwamnan yankin Washington na lokacin, Isaac Stevens, ya ƙulla yarjejeniyoyi da ƙabilu irin su Nisqually da Puyallup da Yakama. Sun sallama ɗimbin filayensu, amma suka gindaya sharaɗin ci gaba da kamun kifi a wuraren da kakanninsu suka saba. Abin da yake nasu tun asali suka riƙe. Duk da haka jami'an jihar sun shafe shekaru suna ƙwace musu taru da kwale-kwale. Billy Frank Jr., ɗan Nisqually, yana shekara 14 aka fara kama shi, kuma an kama shi fiye da sau 50 saboda kamun kifi a kogin gidansu. A 1974 Alƙali George Boldt ya yanke hukunci cewa rabin kifin da aka halatta kamawa na ƙabilun ne, kuma da su za a riƙa tsara kula da shi. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da hukuncin a 1979.

Abin da marubucin ya tsallake shi ne mafi muhimmanci. Salmon a ƙananan rafuka yake ƙyanƙyashewa, ya tafi teku, ya dawo ya zuba ƙwai inda aka haife shi. Jihar ta cika ƙarƙashin hanyoyinta da matsattsun kwalbatoci da suka tare masa hanya. To rabin me za a raba idan kifin ya ƙare? Ƙabilun nan ne suka je kotu, a 2013 aka umarci jihar ta gyara kwalbatocin. Ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, alƙalai suka yi kunnen doki, huɗu da huɗu, a 2018, umarnin ya tsaya. Kifin da zai ƙaru kowane masunci zai amfana da shi, har da masu zaginsu.

Ina roƙo in za ku sake taɓo batun, ku nemi jin ta bakin hukumar kamun kifi da ƙabilu 20 na yammacin jihar suka haɗu a cikinta.

Naku,
Mai karatu daga Tacoma