Ayarin Aalborg da sajen da ya juyo

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina gaishe ka da ma'aikatanka baki ɗaya. Na daɗe ina bin jaridar nan, kuma shafin tarihi na fi so. Yanzu da ido ya yi rauni, jikana ne ke buɗo mini shi a waya ya ƙara wa rubutun girma. Makon jiya ya buɗo mini bayanin yaƙin sama tsakanin Birtaniya da Jamus a 1940. Marubucin ya yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Sai dai magana ɗaya ta tsaya mini a maƙoshi, inda ya nuna cewa matuƙin wancan zamani in ya tashi da bam ba ya dawowa sai ya sauke kayansa, wanda ya juyo kuwa tsoro ne ya ci ƙarfinsa. Na kwana da ita na tashi da ita, shi ya sa na sa yaron ya zauna ya rubuta mini wannan.

Ban taɓa tuƙa jirgi ba, shayar da shi na iya. Shekara 27 na yi ina ɗura wa jirage mai a filin jirgin Kano kafin na ajiye aiki. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, lebura ne a filin nan lokacin yaƙin Hitila, gangunan fetur yake mirginawa. Ya sha ba mu labarin yadda Bature ke shimfiɗa wata fata mai laushi a bakin mazurari, a riƙa tsiyaya man a hankali, fatar ta tare ruwa da ƙura. In ka yi gaggawa ka tuntsurar, ranar ba ka da kuɗin yini. Daga bakinsa na fara jin sunan wani jirgi da yake kira "Bilanim", mai inji biyu da hanci na gilashi, wanda ke shigowa gaba, ƙananan jirage na biye da shi kamar kaza da 'ya'yanta. Sai da na girma na gane Blenheim yake nufi. Daga watan Satumba na 1940 ana haɗa jirage a Takoradi, a biyo da su Legas, Kano, Maiduguri, a ratsa Chadi da Sudan har Masar, kuma Blenheim ke jan ayari domin shi ne mai ɗauke da mai duba taswira. Son da na yi wa jirgin nan ne ya kai ni ga labarin da zan ba ka.

Ranar 13 ga Agusta 1940, ranar da Jamusawa suka sa wa suna Ranar Gaggafa suka buɗe babban farmakinsu kan Ingila, a safiyar nan runduna ta 82 ta mayaƙan saman Birtaniya ta tashi da Blenheim 12 daga Watton da Bodney a yankin Norfolk. Kowane jirgi mutum uku: matuƙi, mai taswira, sai mai rediyo wanda shi ne kuma ke riƙe da bindigar baya. Inda aka tura su shi ne filin jiragen Aalborg a arewacin Denmak. Jamusawa sun ƙwace filin tun 9 ga Afrilu, ranar da suka shiga ƙasar, suka ci Norwe da taimakonsa, sannan suka fara tara jirage masu jefa bam a can da nufin dukan arewacin Ingila. Dalilin kai harin ke nan, kuma a takarda dalili ne mai kyau.

Amma dubi tafiyar. Daga Norfolk zuwa Aalborg ya haura kilomita 700, kusan nisan Kano da Legas a sama, kuma yawancinsa teku ne. Ga bam na kusan kilo 450 a cikin kowane jirgi. Zuwa da dawowa dab yake da iyakar abin da tankin Blenheim zai iya. Irin tafiyar da ɗan acaɓa zai ce maka tun kafin a tashi an san a rizab za a dawo. Babu rakiya, domin jiragen farauta na Birtaniya, masu kakkaɓo jiragen abokan gaba, wato Spitfire da Hurricane, ba su da tankin da zai kai su Denmak ya dawo da su. Da rana tsaka kuma. Abin da kawai suka dogara da shi shi ne gajimare, a ɓuya a cikinsa a je a dawo.

Shi Blenheim ɗin ma ya tsufa kafin lokacinsa. Zai ba ka dariya, Malam Edita, cewa mai jarida irinka ne silar haihuwarsa: Lord Rothermere, mai Daily Mail, shi ya ba kamfanin Bristol kuɗi a ƙera masa jirgi mai gudu, kuma da aka gwada shi a 1935 ya tsere wa jiragen farauta na sojan Ingila. Shekara biyar kacal, labari ya sha bamban. Blenheim iyakar gudunsa kilomita 430 a awa, Messerschmitt 109 na Jamus yana haura 550, ga igwa a fukafukinsa, alhali bindigar Blenheim harsashin bindigar sojan ƙasa take ci. Kura ce da akuya a fili ɗaya.

Kuma ba a ce ba a sani ba, nan ne raina ya fi ɓaci. A 18 ga Disamba 1939 jiragen bam na Birtaniya ƙirar Wellington guda 22 suka isa gaɓar Jamus da rana ba rakiya, aka kakkaɓo 12. Ita kanta runduna ta 82, ranar 17 ga Mayu 1940, ta tashi da jirage 12 zuwa Gembloux a Beljiyam, ɗaya tak ya dawo. Kwamandanta na lokacin, Earl na Bandon, shi ya tsaya kai da fata kada a rushe ta, ya tattaro sababbin yara da sababbin jirage cikin 'yan kwanaki. Wata uku bai cika ba aka sake ɗaukar rundunar nan aka aika ta Aalborg a irin wannan hali. Kunne ya ji, amma jiki bai tsira ba, domin masu kunnen suna ofis, masu jikin suna cikin jirgi.

Ana cikin tafiya a kan teku, wani saje da ke tuƙa ɗaya daga cikin jiragen ya duba gejinsa, ya ga man da ya rage ba zai kai shi Aalborg ya dawo da shi Ingila ba. Ya fita daga layi ya juya gida. Saura 11 suka ci gaba a ƙarƙashin kwamandansu Edward Lart.

Da suka iso gaɓar Denmak sai abu biyu suka haɗu musu. Gajimaren ya washe, sama ta yi tas. Kuma lissafin hanya ya kauce, suka shigo ta wajen Søndervig, kudu da inda aka tsara, wanda ya sa dole su yi doguwar tafiya a kan ƙasa a idon masu gadin Jamus. Kafin su iso, an riga an buga waya. Masu bindigogin kakkaɓo jirage sun zauna a kujerunsu, jiragen Messerschmitt sun tashi. Wajen tsakar rana aka gamu. Bindigogin ƙasa suka sauke biyar, jiragen farauta suka bi shida suka gama da su, wasu a gonaki, wasu a cikin ruwan Limfjord da garin ke bakinsa. Ko ɗaya bai koma ba. Cikin mutum 33, ashirin sun mutu, har da Lart. Sha uku aka kama fursunonin yaƙi, wasu da ƙuna da karaya. Mamatan suna kwance a maƙabartar Vadum, kusa da filin da suka je bugawa.

Me aka samu da wannan jini? Bayan kwana biyu, 15 ga Agusta, jiragen Junkers 88 kimanin 50 suka tashi daga Aalborg ɗin nan dai, suka ƙetare teku suka faɗa wa filin Driffield a Yorkshire, suka ƙona jiragen Whitley aƙalla goma a ƙasa. Wato filin ko gezau bai yi ba. Abin mamaki, su ma Jamusawan ba rakiya suka zo, aka kakkaɓo musu jirage, kuma daga ranar ba su sake kawo babban harin rana daga wannan kusurwa ba. Amurkawa ma sai da suka ɗanɗana nasu a Schweinfurt ta ƙasar Jamus a Oktoban 1943, jirage 60 a yini ɗaya, kafin kowa ya yarda sai da ɗan rakiya mai dogon tanki.

To, sajen nan fa? Ya sauka lafiya da mutanensa biyu. Maimakon a ce sannu, sai aka tuhume shi, aka ce sai ya gurfana gaban kotun soja. Jirage 11 sun salwanta, kuma mutumin da aka ga ya dace a yi wa tambaya shi ne wanda ya dawo da na sha biyun. An bar jaki ana dukan taiki.

Zan faɗi gaskiya, na fahimci abin da soja ke tsoro. In aka bar kowa ya riƙa cewa mai ya gaza ko inji na tari, wata rana za a tashi da sha biyu a isa da uku. Dole a bincika. Ban ce a daina ba. Amma wanda ya yi aiki da mai ya san abin da mai karatu a kujera bai sani ba: jirage biyu iri ɗaya, a ɗura musu mai daidai wa daida, ba za su sha daidai ba. Wani injin mashayi ne. Wanda ke can gefen layi kullum yana ƙara wuta yana ragewa don kada a bar shi a baya, ya fi na gaba ƙona mai. Murfin tanki in bai zauna ba, iska na zuƙe man a hankali ba ka sani ba. Kowace safiya ta Allah a wurin aikinmu, kafin a taɓa jirgi, sai mun tsiyayi mai daga gindin tanka a kwalbar gilashi, mu ɗaga ta a hasken rana muna jujjuyawa, muna neman ɗigon ruwa da ke kwanciya a ƙasa kamar ƙwayar idon kifi. Ɗigo ɗaya ya isa a tsayar da komai. Aikin da ake yi wa wannan taka-tsantsan a ƙasa, shi ne za a ce wanda ya gani da idonsa a sama ya rufe ido?

Na taɓa ganin irinta, ko da yake ba a yaƙi ba. Wata shekara da hunturu, hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen titin jirgi. Wani matuƙi, dattijo mai furfura a gemu, ya sauko da kansa ya ce in ƙara masa mai fiye da abin da ke takarda. Wani babba a kamfaninsu ya zo yana faɗa a gabanmu, wai ana ɓata lokaci, wai nauyi kuɗi ne, har ya jefa masa kalmar tsoro. Dattijon bai tanka ba. Ya sa hannu a takardata, ya ce, "Malam, cika." Na cika. Da yamma muka ji inda suka nufa ma hazon ya rufe, sun yi ta kewaya, daga ƙarshe suka sauka a wani gari. Washegari babban nan ya wuce ni a bakin ofis kamar bai taɓa ganina ba. Ba wanda ya ba dattijon lambar yabo, domin jirgin da bai faɗi ba ba ya shiga jarida.

Ko Jamusawa sun sha wannan darasi a kusa da mu. A Janairun 1942 wani Heinkel 111 guda ɗaya ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa bam a filin Fort Lamy, wato Njamena ta yau, ya ƙona man da aka tara wa jiragen da ke bin hanyar Kano. Harin ya yi nasara. A hanyar komawa mai ya ƙare masa, ya sauka a tsakiyar hamada, mutanensa suka yi kwanaki suna jiran ceto. Su rairayi suka samu a ƙarƙashinsu. Sajen Aalborg ruwan Tekun Arewa ne a ƙarƙashinsa, da rayuka biyu a bayansa waɗanda ba su da sitiyari a hannu.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban rage wa mutum 33 ɗin nan komai ba. Yara ne, yawancinsu ba su kai jikana na fari ba, sun ga sama ta washe, sun san abin da hakan ke nufi, suka ci gaba. Marubucinku ya kawo maganar da Churchill, Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, ya yi ranar 20 ga Agusta kan 'yan ƙalilan ɗin da ke bin jama'a da yawa bashin godiya, ya jingina ta ga matuƙan Spitfire kaɗai. A cikin jawabin nan, bayan wannan jimlar, Churchill ya ambaci rundunonin masu jefa bam, kuma mako ɗaya ke nan da Aalborg. Suna da haƙƙi a cikin yabon. Abin da na ƙi shi ne a yabe su ta hanyar zagin wanda ya juyo, a bar waɗanda suka zana hanyar a taswira ba a ko ambace su ba.

Sajen nan bai ga ƙarshen yaƙin ba. Ya koma tuƙa jirgin yaƙi, aka sake tura shi wani farmakin, can ya mutu. Matsoracin da marubucinku ya zana ba ya sake hawa Blenheim bayan ya ga gadaje 33 babu kowa a kansu.

Roƙona, Malam Edita, ka miƙa wa mai shafin tarihi wannan takarda, ka ce wani tsoho na gaishe shi, kuma ya sake duba jimlar nan. In ya samu sarari ya rubuta mana labarin hanyar Takoradi zuwa Kano ma, ina da abubuwan da na ji daga bakin mahaifina da zan iya ba shi, har da yadda ake biyan lebura a lokacin. Gidana ba ya da wuyar samu, kuma bayan la'asar kullum ina ƙofar gida.

Naka,
Tsohon mai ɗura wa jirage mai,
Fagge, Kano.